Firijin Injiniya Ba Ya Shan Wuta

Shekara talatin da ɗaya ya yi a wani kamfanin haɗa fanka, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa ɗaure ko noti ɗaya ba. Makullin sito yake riƙewa. Amma da yake kullum yana gilmawa ta gaban injiniyoyi, wani lokaci har su amsa gaisuwarsa, sai ya ga bai kamata ilmin ya tafi a banza ba. Ranar da ya yi ritaya ya dawo gida da abu biyu: sunan Injiniya, wanda shi ya raɗa wa kansa, da wani firiji da kamfanin ya ba shi kyautar sallama bayan an shekara goma sha biyar ana morarsa a ɗakin cin abincin ma'aikata.

Firijin nan ya wuce kayan ɗaki, ɗan gida ne. Ya fi mai shi tsawo. Robar bakin ƙofarsa ta daɗe da mutuwa, don haka da tsohuwar robar tayar keke ake ɗaure shi, kamar mai ciwon haƙori. In zai tashi aiki sai ya fara da tari, ya yi gyaran murya, sannan ya kama gurnani irin na babbar mota a kan tudu, har kofuna su riƙa rawa a kan kanta. A jikin ƙofarsa akwai wani ɗan ƙarfe mai rubutun yabo, wanda Injiniya ke gogewa da hannun riga kowace safiya.

Gidan da suke haya bene ne mai hawa uku. Tela ke ƙasa da shagonsa. Injiniya da iyalinsa suna tsakiya, ƙofarsu na kallon ta wani direban babbar mota wanda ya fi zama a hanya a kan zama a ɗakinsa. A can sama kuwa wata tsohuwa ce da kowa ke kira Gwaggo, mai raunin gwiwa da ƙarfin baki.

Wata safiya matarsa, Malama, wadda ke koyar da lissafi, ta ajiye takardar kuɗin wuta kusa da kofin shayinsa.

"Baban Nas, ka ga wannan?"

Ya ɗaga takardar, ya nesanta ta da ido, ya matso da ita, ya ajiye. "Sun yi kuskure."

"Wata na huɗu ke nan suna kuskuren, kuma kullum sama yake yi. Ni ga abin da na gani. A sauya ƙwayayen fitila da marasa shan wuta. Abin da ba a amfani da shi a zare shi daga soket. A tara guga a yi ta rana ɗaya. Kai kuma in kofi ɗaya za ka sha, ka daina cika buta har wuya kamar za a yi wa jariri wanka. Sannan..."

Ta waiwaya ta dubi firijin. Firijin ya yi tari.

"Kada ki ƙarasa," in ji Injiniya.

"Ƙanina ya ce shi kaɗai yana shan rabin wutar gidan nan."

"Ƙaninki! Yaron da a gabana ya fara riƙe sukundireba ta baki?"

"Shekara ashirin yana gyaran wuta."

"Ni kuma talatin da ɗaya."

"A sito."

Injiniya ya miƙe tsaye, don wasu maganganu ba a yin su a zaune. "Malama, duk abin da kika lissafa darasin 'yan firamare ne. Ba ni wata ɗaya. In ban raba wutar gidan nan biyu ba, ba tare da an taɓa firijin nan ba, ki kira ɗan gwangwan mai sayen tsofaffin ƙarafa da bakinki ya ɗauke shi."

"Maimaita a gaban shaida."

'Yarsu, wadda ke aikin jinya, shi ya sa har iyayenta suke kiranta Nas, tana bakin ƙofa tana ɗaura takalmi. "Na ji, Baba," ta ce. "Allah ya ji ƙan firiji."

"Wanne ne ma mitarmu a ƙarƙashin bene?" ya tambaya, da muryar mai jarraba ɗaliba.

"Ta uku," in ji Malama. "Amma in ka ƙirga daga..."

Ya ɗaga hannu. "Ya isa. Injiniya ba ya buƙatar sharhi."

Malama ta rufe bakinta. Mace ce mai biyayya a irin waɗannan wurare.

Ya fara da fitilu. Hujjarsa ita ce mutum ba ya zama a ɗaki biyu lokaci ɗaya, saboda haka ƙwai tara a gida ɗaya almubazzaranci ne. Ya hau kujera ya kwance takwas, ya bar ɗaya, ya ɗaura shi a kan doguwar waya da za a iya ja daga falo har banɗaki. Da hannunsa ya saba, sai ya sauka ya kwance na ƙarƙashin bene ma, wanda na mai gidan haya ne, ba ma a mitarsa yake ba. Wurin ko da rana duhu ne. A nan mitoci huɗu suke jere a bango. Ya lalube su daga bakin ƙofa, ɗaya, biyu, uku, ya ƙyasta ashana, ya kwafe lambar kafin wutar ta kai masa yatsa. Tocilar waya bai yarda da ita ba, ai ita ma caji take ci.

A kan hanyarsa ta hawowa ya yi karo da Direba yana garƙame ƙofarsa, jaka a kafaɗa.

"Tafiya?"

"Mai nisa, Injiniya. Sai bayan wata guda da kwanaki."

"Ka dawo ka tarar da darasi," in ji Injiniya.

Da magariba ta yi Malama tana tsakiyar duba takardun jarrabawa, sai haske ya tashi ya fita daga falo yana jan wutsiya.

"Baban Nas! Ina za ka kai mini fitila?"

"Uzuri ne. Minti biyar."

Minti ashirin ta yi a zaune da jan biro a hannu. Da fitilar ta dawo, sai ta tarar ta ba wani ɗalibi maki a kan mayafin teburi.

Gwaggo kuwa a matakala ta gamu da tsarin. Aka ji ƙarar kwano yana gangarowa, hawa bayan hawa, sannan muryarta ta biyo shi.

"Wane mara tsoron Allah ne ya sace ƙwan bene?"

"Ba sata ba ce, Gwaggo, tsimi ne," in ji Injiniya daga bakin ƙofarsa.

"Kai ne, ɗan nan?" Shekarunsa sittin da biyu, amma a bakinta bai taɓa wuce ɗan nan ba. "To in na karye, da tsimin za ka ɗaure ni?"

Mataki na biyu guga ne. Ya kulle dutsen guga na lantarki a akwati, ya sayo na gawayi a kasuwar tsofaffin kaya, mai zakara a goshi. Don ya nuna yadda ake yi, ya zaɓi farar rigar aikin Nas. Ya hura gawayi, ya karkaɗa dutsen sama da ƙasa kamar yadda ya tuna ana yi, ya ɗora. Layin farko ya fita sumul. A na biyu ne zakaran ya buɗe baki ya yi amai.

Nas ta ɗaga rigar a gaban taga. Rana ta shigo ta ƙofa bakwai.

"Baba, wannan fa?"

"Iska za ta riƙa shiga. Kin rage buƙatar fanka."

Ta sauka da rigar wurin Tela. Tela mutum ne da bai cika ɗaga kai daga keke ba, amma ranar ya ɗaga, ya daɗe yana kallo, sannan ya leƙo ta taga ya ɗaga murya sama.

"Injiniya! Allah ya ƙara basira. In akwai sauran kaya a gidan, kada ka ji nauyi."

"Kai dai ka yi ɗinkinka. Me tela ya sani game da makamashi?"

"Babu, ranka ya daɗe. Toshe ramuka kawai na iya."

Kowace safiya Injiniya yakan sauka ƙarƙashin bene da ashanarsa. Abin da ya gani ya ba shi mamaki shi kansa: lambar da ƙyar take motsi. A mako guda ba ta ci abin da suke ci a yini ɗaya ba. Wani mutum zai tsaya ya yi tunani. Injiniya ya sayi sabuwar hula.

"Na gano sirrin," ya gaya wa masu zama a bencin Tela. "Wuta kamar ma'aikaci take. In ta san ana sa mata ido, sai ta shiga hankalinta."

Da ya ga nasara ta zo da wuri, sai ya faɗaɗa. Ya hana kunna fanka. A madadinta ya sayo buhuna shida, ya jiƙa su, ya rataye a tagogi, ya ce iska in ta ratsa jiƙaƙƙen buhu sanyi take zama. Wannan gaskiya ne, kuma da ya tambayi abin da aka taɓa zubawa a buhunan, da abin ya tsaya nan. Albasa ce. Kwana biyu gidan ya koma kamar bayan kasuwa. Malama ta shiga aji, 'yan layin gaba suka fara share hawaye tun kafin ta raba sakamako. Ruwan buhunan kuma ya bi bango yana ɗiga, ɗis, ɗis, daidai kan wani farin yadi da Tela ya shanya, na wani mai shirin zuwa neman aiki.

Tela ya hawo da yadin a hannu.

"Injiniya, wannan taswirar wace ƙasa ce?"

"Ka matsar da igiyarka."

"Shekara tara tana wurin."

"To ta daɗe. Ci gaba ya zo."

Amma babban aikin, wanda Injiniya ya ce za a riƙa zuwa daga nesa ana kallo, shi ne na ruwan zafi. Me ya sa za a dafa ruwan wanka da lantarki, ga rana tana zuba a banza? Ya samo tsohuwar ganga ya shafe ta da baƙin fenti, ya sayo tiyo baƙi mai tsawon gaske, ya nannaɗe shi a kan rufin bene kamar macijin da ya ƙoshi. Gangar tana buƙatar ƙafafu, don haka ya aro injin walda, ya jawo waya ta taga ya soka a soket ɗin falonsa. Kwana huɗu yana walda. Ƙwan fitilar nan guda ɗaya yana lumshewa yana buɗewa kamar mai jin barci, firiji yana shaƙewa yana farfaɗowa.

Malama ta tsaya ta dubi wayar da ta ratsa mata falo. "Shi wannan injin, da iska yake aiki?"

"Jari ne. Ke da kike koyar da lissafi ba ki san jari ba?"

Washegari ya duba mita da ashana. Ko gezau. Ya hawo yana murmushi. "Ko injin walda ya san hannun da ya riƙe shi."

Na'urar ta yi aiki, ba za a yi mata ƙarya ba. Da asuba, lokacin da mutane ke son ruwan ɗumi, takan ba da ruwa mai sanyin ƙanƙara. Da azahar, lokacin da ba mai so, takan ba da wanda zai fige kaza. Injiniya ne ya ƙaddamar da ita da kansa, ƙarfe biyu na rana. An ji shigarsa banɗaki yana waƙa, an ji ya murɗa famfo, sannan aka ji wata ƙara da ta sa Tela ya ɗinke aljihun wani da hannun riga. Ya fito da tawul, kafaɗarsa ja wur, tururi yana tashi daga ƙeyarsa.

Nas ta shafa masa magani, da ta gama ta ɗauko biro.

"Baba, in rubuta me a matsayin sanadi?"

"Rubuta nasara. Ta fi ƙarfin da na zata."

Kwana uku bayan haka mahaɗar tiyo ta saki, ganga ta juye cikinta a kan rufin, ruwan ya nemi hanya ya samu. Ta silin ɗin Gwaggo ya bi, daidai kan gadonta. Ta sauko da lema a buɗe, a cikin gida, tana dogara sanda.

"Ɗan nan, shekarata saba'in da takwas. Na ga ruwan sama iri-iri. Ban taɓa ganin mai ɗumi ba, a cikin ɗaki, rana tsaka, sai da Allah ya haɗa ni da kai."

"Gwaggo, ƙaramar matsala ce ta mahaɗi."

"Katifata ce ƙaramar matsala? Zo ka kwanta a kai ka gaya mini girmanta."

Duk wannan bidirin, firiji yana nan a kusurwarsa, jingine da murhu, rana tana dukansa ta taga, ƙanƙara ta cika masa ciki har ba a iya tura kwano. Yana gurnani dare da rana ba hutu, don ƙofar ba ta rufuwa balle ya san ya gama aiki. Injiniya yakan dafa shi in zai wuce.

"Kwantar da hankalinka," yakan ce masa. "Ba inda za ka."

Ranar da wata ya cika ta faɗo Asabar. Injiniya bai ga dalilin da zai sa a ɓoye irin wannan nasara a cikin gida ba. Ya aro bencina, ya jera su a tsakar gida daidai ƙarƙashin tagar kicin ɗinsa, ya bi layi ƙofa ƙofa yana gayyata: za a koyar da yadda ake karya kuɗin wuta, kyauta. Mutane suka zo, wasu don kuɗin wutar ya ishe su da gaske, wasu don sun ji labarin wankan azahar. Ya kafa kwali a jikin bango ya zana layi mai gangarowa. Ya sa sabuwar hula.

Ƙanin Malama, mai gyaran wuta, ya zo da jakar aikinsa ya zauna a gaba. A bakin ƙofar gida kuma wani mutum ya jingine kurarsa ya tsuguna a inuwa.

"Wane ne wancan?" in ji Injiniya.

"Ɗan gwangwan ne," in ji Malama. "Na ce ya zo ya ƙaru da ilmi."

Injiniya ya yi dariyar manya, ya fuskanci jama'a. Ya yi bayanin fitila mai tafiya. Ya yi bayanin buhu, bai ambaci albasa ba, ko da yake ita ta ambaci kanta. Sannan ya ɗaga takardar watan jiya.

"Wancan watan, ƙarƙashin tsohuwar gwamnati," ya dubi Malama, "gidana ya sha awo ɗari huɗu na wuta. Wannan watan, da safen nan na duba. Ku faɗi nawa."

"Ɗari uku!"

"Ɗari biyu da hamsin!"

"Goma sha tara," in ji Injiniya.

Wuri ya yi tsit. Wata mata ta fara tafi, ta ga ita kaɗai ce, ta mayar da shi kashe sauro.

"Goma sha tara, Yaya?" in ji ƙanin Malama. "Da injin walda?"

"Da injin walda."

"Da wancan?"

Kamar an kira sunansa, firijin ya yi tari a sama, ya yi gyaran murya, ya kama gurnani. Injiniya ya ci gaba da magana, amma bakinsa kawai ake gani yana motsi.

"Ba ma ji!" in ji Gwaggo. "Ka ce wa ƙanenka ya yi shiru!"

"Yaya," ƙanin Malama ya ɗaga murya, "ka kashe makunnin mitarka minti biyar mana, ya huta, mu ji darasi."

Wannan ya yi wa Injiniya daɗi, don dama ce ta nuna iko. Ya ce kowa ya biyo shi. Aka cunkushe a bakin ƙarƙashin bene, ya shiga duhun kamar ɗakinsa, ya lalubo, ɗaya, biyu, uku, ya kama makunni.

"Ku saurara," ya ce, ya ja shi ƙasa. Ƙas!

Aka saurara. Firiji yana gurnani.

Aka ƙara saurarawa. Firijin ma kamar ƙara murya ya yi.

Ba za a ce Injiniya ba shi da saurin tunani ba. Ya juyo, ya buɗe hannuwa. "Kun gani? Abin da nake gaya muku ke nan! Ko an kashe wuta yana aiki. Firijin nan ba ya shan wuta!"

"Allahu akbar," in ji Tela. "Ashe waliyyi muke zaune da shi."

Ƙanin Malama ya matso gaba. Ya ciro ƙwan fitila daga jakarsa, ya yi ɗage, ya murɗa shi a mazauninsa. Haske ya cika ƙarƙashin bene a karo na farko cikin wata guda. Mitoci huɗu suka bayyana, kowace da rubutun fenti a ƙasanta. Hannun Injiniya yana kan wadda aka rubuta wa DIREBA, da manyan baƙaƙe.

"Ta uku daga bango, Yaya. Ba daga ƙofa ba."

Kusa da ita ga tasu. 'Yar jar fitilarta tana ƙyaftawa da sauri kamar idon da barkono ya shiga. Ƙanin Malama ya karɓi takardar watan jiya, ya dubi lambar da ke jiki, ya dubi ta mita, ya miƙa wa yayarsa, tunda ita ce ta lissafi.

"Ɗari shida," in ji Malama, ba tare da ta nemi biro ba.

"An raba biyu ke nan?" Gwaggo ta tambaya.

"An raba, Gwaggo," in ji Tela. "Sai aka ga rabin ya yi kyau, aka ɗinka shi a kan na da."

Dariyar da aka yi sai da ta sa ɗan gwangwan ya taso daga inuwa. Injiniya ya juya ga matarsa.

"Kin sani?"

"Tun kwana na biyu."

"Kika yi shiru?"

"Ka ce injiniya ba ya buƙatar sharhi."

"Mitar ce ta lalace," ya ce wa jama'a. "Kowa ya san mitocin yanzu..."

"Nas," in ji ƙanin Malama, "hau ki zare wa firijin filogi."

Ta hau. Gurnanin ya tsaya da wata 'yar shaƙuwa. Shirun da ya biyo baya sai da ya sa mutane suka dubi juna, don wasu yaran layin ba su taɓa jin irinsa ba. Duk idanu suka koma kan jar fitilar. Ta ƙyafta. Ta tsaya. Ta yi dogon tunani. Sannan ta sake ƙyaftawa a hankali, kamar wadda aka sauke wa kaya.

"Mayar!" ƙanin Malama ya ɗaga murya. Firiji ya yi tari, fitilar ta koma rawar jiki.

"Zare!" Ta lafa.

Sau uku aka yi, don Gwaggo ta ce ba ta gani da kyau ba, alhali ta gani.

Ɗan gwangwan ya hau da igiyarsa, jama'a suka bi shi har kicin. Injiniya ya riga su, ya tsaya a gaban firijin ya baje hannuwa.

"Shekara talatin da ɗaya," ya ce, kuma a karon nan muryarsa ba ta lacca ba ce. "Shi kaɗai suka ba ni."

Malama ta dube shi, ta dubi ɗan ƙarfen da hannun riga ya goge har rubutun ya kusa shuɗewa. Ɗan gwangwan kuwa ya zagaya firijin, ya ƙwanƙwasa, ya gwada ɗaga gefe ɗaya, ya leƙa matakala.

"Hajiya, gaskiya ni injin bayan kawai nake so, da 'yan wayoyin. Wannan gangar jikin ko kyauta aka ba ni, bayana ya fi shi tsada."

"Ɗauki abin da kake so," in ji Malama. "Tela, ara mini almakashi."

Ta kama wayar firijin ta datse ta daga gindi, ta naɗe, ta jefa a jakarta. Ƙaninta ya kwance injin cikin minti goma. Kafin la'asar an mayar da ƙwayaye tara, sababbi marasa shan wuta, an sauke buhuna, an ciro dutsen guga daga akwati. An sayo wani ɗan ƙaramin firiji mai ladabi wanda ba a jin numfashinsa. Babban kuwa, da ƙanƙararsa ta narke aka goge shi, sai Malama ta ga kantoci huɗu masu kyau, ta jera takalma a ciki.

Kwana biyu Injiniya bai sauko ba. A na uku ya bayyana a bencin Tela da hularsa.

"In ka duba da kyau," ya ce, "abin da na faɗa ne ya tabbata. Na ce firijin zai zauna, ya zauna. Na ce ba ya shan wuta. Je ka duba mita."

"Me yake sanyayawa yanzu?" in ji Gwaggo daga taga.

"Ana kan bincike."

Bayan kwana tara da taron, babbar mota ta tsaya a bakin layi. Direba ya hau da jakarsa, aka ji ya buɗe ƙofa, aka ji shiru. Sannan wani wari ya sauko matakala, wanda ya sa aka tuna da albasa da alheri. A cikin hayaniyar ranar Asabar an kunna abubuwa da yawa, amma ba wanda ya tuna da makunnin da aka ja ƙasa a gaban shaidu. Direba kuwa kafin ya tafi ya cika ɗan firijinsa da nama.

Ya sauko riƙe da leda nesa da jikinsa, idanunsa jajur. Mutum ne mai faɗin ƙirji, irin wanda ke sauya tayar babbar mota shi kaɗai.

"An ce mini wani injiniya ne ya kashe mini wuta," ya ce a hankali. "Wane ne injiniya a gidan nan?"

Tela ya sunkuya a kan kekensa. Gwaggo ta gyara tsayuwa a taga don kada komai ya wuce ta. Injiniya ya cire sabuwar hular, ya ninke ta, ya sa a aljihu.

"Wallahi ban sani ba, ɗan'uwa," ya ce. "Ni dai sito na riƙe."